Maganin Korar Maciji: Yana Aiki Kuwa?

Da zarar ruwan farko ya sauka a ƙasar Gallabat, za ka ga masu sayar da maganin korar maciji sun fito kasuwa. Wani garin magani ne a leda, wani ruwa ne a kwalba, wani kuma ƙwayoyi ne farare masu ƙarfin wari. A gida ma kowa da nasa: tafarnuwa, toka, kananzir, baƙin mai, ƙona taya ko ƙaho. Wannan darasi zai nuna maka abin da aka gano game da waɗannan abubuwa, da abin da yake tsare gida da gaske.

Macizan da ke kewaye da mu

Ƙasar Gadarif baƙar laka ce. Da rani tana tsagewa, macizai da ɓeraye su shige cikin tsagar. Daga watan Yuni zuwa Oktoba ruwa yana cika tsagar, sai su fito neman busasshen wuri. Daga nan kuma kaka ta zo, a yanke riɗi a jingine shi a gona, a tara dawa. Shi ya sa sara ya fi yawa a lokacin shema da lokacin girbi, a nan da kuma ƙetaren iyaka wajen Matamma ta Habasha. A garin Abdurafi na can Habasha, ƙungiyar likitoci ta Na Gari Na Kowa ta daɗe tana jinyar 'yan ƙodagon gona da maciji ya sara.

Uku ne ya kamata ka fi sani. Kububuwa ƙarama ce, launinta kamar na ƙasa, in ta fusata tana goga jikinta ya yi ƙara. Dafinta yana hana jini daskarewa. Kasa gajeriya ce mai kauri, ba ta gudu, tana kwance a kan hanya sai an taka ta. Dafinta yana kumbura ƙafa ya ruɓar da nama. Sai kuma macijin nan mai fasa kai yana feshin dafi a ido, wanda yake shiga ɗaki da dare da akurkin kaji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara. A 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su. Galibin waɗanda abin yake shafa manoma ne, da makiyaya, da yara.

Yadda maciji yake jin wari

Mu da hanci muke jin wari daga nesa, shi ya sa muke zaton abin da ya dame mu zai dame shi. Maciji ya fi dogara da harshensa. Yana zaro shi ya ɗebo ɗan abin da ke cikin iska da kan ƙasa, ya kai wani wuri a ganɗarsa, da haka yake bin sawun ɓera ko kwaɗo. Warin tafarnuwa da ke sa ka kau da kai ba ya tare masa hanya. Jikinsa kuma lulluɓe yake da ɓawo, saboda haka toka da gishiri ba sa ƙona shi. Yana bi ta kansu ya wuce.

Abin da gwaji ya nuna

A 1985, wani masani a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, mai suna Gary San Julian, ya ba da rahoton gwajin da aka yi wa abubuwan da mutane ke cewa suna korar maciji. Cikinsu akwai ƙwayoyin kafur na tufafi, da farar wuta, da farar ƙasa, da ruwan barkono, da igiya, da kwalta. Ba a sami ko ɗaya da ya hana macizan tsallakawa ba.

A tsibirin Guam, inda wani maciji ya addabi mutane, an gano cewa man kanumfari da man kirfa suna sa maciji ya gudu in an fesa masa su a kai. Amma lura: sai an fesa a jikinsa. Zuba su a bakin ƙofa wani abu ne daban, domin rana tana busar da su, ruwan sama ya wanke.

Za ka ce, “Ai na zuba, kuma ban ga maciji ba bana.” Tambayi maƙwabcinka da bai zuba ba, mai yiwuwa shi ma bai gani ba. Sau da yawa kuma ranar da mutum ya zuba magani, ranar ce ya share gida ya nome ciyawa. Sharar ce ta yi aikin, maganin ya karɓi yabo.

Cutar da maganin yake jawowa

Da a ce ba ya aiki kawai, da asarar kuɗi ce. Amma yana iya cutar da iyalinka.

Ƙwayoyin kafur sun yi kama da alewa, yara suna tsinta su haɗiye. Akwai wani raunin jini da ake gado, mai suna G6PD, wanda ya yawaita a Afirka. Yaron da ke da shi, kafur yana farfasa masa jini: idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, jikinsa ya mutu. In ka ga haka, a kai shi asibiti nan da nan.

Kananzir da fetur kusa da ɗakin ciyawa gobara ce ke jira. Yara kuma suna shan kananzir da aka ajiye a kwalbar lemo, ya shiga huhu. Baƙin mai yana gurɓata ƙasa da rijiya. Hayaƙin taya yana tayar da asma, yana cutar da jarirai.

Babbar cutar ita ce sakin jiki. Wanda ya gaskata cewa ya kewaye gidansa da magani zai fita da dare ba takalmi, ba tocila, ya bar yara su kwana a ƙasa.

Abin da ke kawo maciji gida

Maciji ba mutum yake nema ba. Abu uku yake bi: abinci, maɓoya, da ruwa ko sanyi. In ka raba gidanka da su, ka rage masa dalilin zuwa.

1. Yaƙi ɓera. Ɗaga rumbu a kan duwatsu, ka toshe duk rami. Kada buhunan dawa da riɗi su kwana a ɗakin barci. A rufe ragowar abinci.
2. Nome ciyawa kewaye da gida, aƙalla taku goma, da hanyar zuwa bayan gida da rijiya.
3. Nisantar da tarin itace, kara, bulo da tsofaffin tayoyi daga ɗaki, ka ɗaga itace daga ƙasa.
4. Akurki ya yi nesa da wurin kwana, domin ƙwai da 'yan tsaki suna jawo maciji.
5. Yaɓe tsagar bango, toshe ƙarƙashin ƙofa, sare reshen da ya taɓa jinka.
6. Kwana a kan gado cikin gidan sauro, ka cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma. Bincike a ƙasar Nepal ya nuna gidan sauro yana rage saran dare. Mai magani a jiki kuma yana taimaka maka wajen zazzaɓin cizon sauro da cutar kala-azar da ta yawaita a yankinmu.
7. Riƙe tocila duk lokacin da ka fita da dare. Kakkaɓe takalmi da shimfiɗa kafin amfani.
8. A gona sa takalmin roba mai tsawo. Kafin ka ɗaga tarin riɗi ko damin dawa, motsa shi da doguwar sanda. Kada ka zura hannu a rami, tsagar ƙasa ko suri, ka kuma hana yara haƙar ɓera.

In ka ga maciji, ja da baya ka ba shi hanya. Mutane da yawa garin kisa ake sararsu. Ko kan macijin da aka kashe yana iya sara.

In an yi sara

Matsa daga wurin. Kwantar da hankalin mara lafiya, ka cire masa zobe, awarwaro da takalmi kafin kumburi. Ɗaura wa ƙafar ko hannun sanda kamar ɗorin karaya, ba da matsi ba, don kada ya motsa. A ɗauke shi, kada ya taka. In yana amai, kwantar da shi ta gefen hagu.

Kada a ɗaure da igiya tamau, domin yana kashe ƙafa har a kai ga yankewa. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a yi ƙaho. Baƙin dutse ba ya zuƙe dafi. Kada a ba shi asfirin ko diklofenak, suna ƙara zubar jini. Farasitamol ya isa. In dafi ne a ido, a wanke da ruwa mai yawa na tsawon lokaci, sannan a tafi asibiti.

Ka kiyaye da saran kububuwa. Mutum yana iya zama kamar lafiya kwana ɗaya ko biyu, sai jini ya fara fita ta dasashi, ta fitsari, ko ta tsohon rauni. Kada a jira wannan. A asibiti ana ɗibar jini kaɗan a kwalbar gilashi, a ajiye minti 20. In bai daskare ba, an san dafi ya shiga, sai a yi allurar kashe dafi. Ita kaɗai ce take karya dafin maciji a jiki.

Daga Gallabat zuwa birnin Gadarif tafiyar kimanin kilomita 150 ce, kuma da damina laka tana yanke hanyoyin ƙauye. Saboda haka tun kafin ruwa ya sauka, ku zauna da mai unguwa da ma'aikacin lafiya. Ku san asibitin da ke da allurar, ku san mai tarakta ko mota da za a kira da dare. Kuɗin da za a kashe a kan garin magani, a tara shi a asusun ɗaukar mara lafiya, ko a sayi tocila da takalmin roba.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne abubuwa uku ne ke kawo maciji gida? Wanne ne a cikinsu yake gidanka yau?
2. Me ya sa kafur yake da haɗari ga yara?
3. Faɗi abu huɗu da ba a yi wa wanda maciji ya sara.
4. In an sari wani a ƙauyenku da tsakar dare cikin watan Agusta, wa za a kira, kuma ina za a kai shi?