Darasi: Makaɗin da Ba Ya Neman a Gan Shi

Idan ana waƙa, wa kunnenka yake bi? Yawancinmu mai jan waƙa muke bi, ko makaɗin da yatsunsa suka fi gudu. Yau bari mu koya daga wani mai kaɗa jita wanda aikinsa shi ne riƙe sauran.

Freddie Green baƙar fata ne ɗan Amurka, an haife shi a 1911. A 1937 ya shiga ƙungiyar Count Basie, masu kiɗan jaz, ya ci gaba da kaɗa mata, in ban da ɗan gajeren lokaci, har ya rasu a 1987. Shekara 50 ke nan a kujera ɗaya. Ƙungiyar tana da masu busa da yawa, kowa yakan tashi ya yi nasa shi kaɗai, a tafa masa. Green kuwa da wuya ya yi haka. Jita marar lantarki ya fi so. Aikinsa bugu huɗu ne daidai wa daida, sa'an nan ya maimaita, daga farkon waƙa har ƙarshe. Sau da yawa tsirkiya ɗaya ko biyu kaɗai yake bari su yi amo, sauran ya danne su da yatsa. Mai sauraro ba lalle ya ji shi ba, amma makaɗan da ke kewaye da shi a kan bugunsa suke tafiya.

Ɗan'uwa mai kaɗa jita a majami'a, ga abubuwa uku.

Na fari, saurara kafin ka kaɗa. Idan tsohuwa a layin baya ba ta jin kalmomin waƙa saboda lasifikarka, rage ƙara.

Na biyu, riƙe bugu. Jama'a ba su halarci gwajin waƙa tare da ku ba. Idan ka yi sauri ko ka ja, za su rikice su yi shiru.

Na uku, bar fili. Inda mawaƙa suka tsaya jan numfashi, ba dole ka cika wurin da gwaninta ba.

Tambaya domin tunani: bayan sujada, me ka fi so a ce, "Wane ya iya jita," ko "Yau jama'a sun yi waƙa da zuciya ɗaya"? Wane ne kuma yake irin wannan hidima cikin ikkilisiyarku, ba a taɓa gode masa ba? Nemi shi a makon nan.