Bayan Guguwa Ta Wuce

Karatu: Farawa 8:1-20

Ka taɓa lura da tsawon zaman Nuhu a cikin jirgi? Kwana 40 aka yi ana sheƙa ruwa, amma sai da ya yi fiye da shekara guda kafin ya taka busasshiyar ƙasa. Yawancinmu mun haddace kwana arba'in ɗin, mun manta da watannin jira.

Mazauna bakin teku sun san wannan jira. A ranar 29 ga Agusta 2005, mahaukaciyar guguwar Katrina ta afka wa jihohin Louisiana da Mississippi a kudancin Amurka. Iskar ba ta daɗe ba ta wuce. Amma wani babban ɓangare na birnin New Orleans yana kwance ne ƙasa da tekun, katangu ne ke tare masa ruwa. Da katangun suka ɓalle, ruwa ya mamaye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin, ya kuma kwanta makonni. Fiye da mutum 1,000 suka rasa rayukansu. Masunta da masu kamun jatan lande sun tarar da jiragensu a kan tudu, cikin tarkace.

Sai da ruwa ya janye aikin ya soma. Wanda ya koma gida ya iske fumfuna ta hau bango har rufi. Dole a fitar da katifu, da kujeru, da hotunan iyali, a ɓamɓare bangon da ya jiƙe, kafin a yi maganar gini. Firij kuwa ba a ma buɗe shi, saboda abincin da ya ruɓe a ciki. Ɗaure shi ake yi a ajiye bakin titi. A shekarar 2000 mutanen birnin sun haura 480,000, amma a ƙidayar 2010 ba su kai 350,000 ba. Shekara biyar ke nan, dubbai ba su dawo ba.

Su wa suka tsaya da waɗannan mutane? 'Yan jarida sun ɗauki hotuna sun koma. Cikin waɗanda suka yi ta dawowa shekara bayan shekara akwai masu aikin sa kai daga ikilisiyoyi dabam-dabam, suna kwana a majami'u, suna kwashe laka daga gidajen mutanen da ba su taɓa sani ba. Aikin ba shi da armashi, ba kuma wanda zai tafa maka.

Yanzu ka dubi kanka, ɗan'uwa. In an yi rasuwa ko gobara a gidan wani cikinmu, makon farko gida cike yake: addu'a, waƙa, abinci. Wannan yana da kyau. To, wata na uku fa, sa'ad da kuɗin makarantar yara ya zo, gwauruwa tana zaune ita kaɗai? Muna son shaidar kuɓuta nan take, har mukan ƙosa da wanda ya daɗe bai farfaɗo ba, kamar bangaskiyarsa ce ta gaza. Nuhu ya saki kurciya har sau uku, yana jiran kwana bakwai-bakwai, Allah kuwa bai tsauta masa ba. Aya ta farko ta karatunmu ta nuna yana tune da shi tun ruwa bai janye ba.

Abin yi: Rubuta sunan mutum ɗaya a ikilisiyarku wanda masifa ta same shi fiye da wata shida da suka wuce. Ka je wurinsa kafin Lahadi, ka tambaye shi abin da ya rage bai gyaru ba, ku yi addu'a tare a kai.