Darasin Lafiya: Jinin da Ido Ba Ya Gani

 Idan ɗayanmu ya ji rauni a filin ƙwallo, kowa yana ganin jini, nan take a ruga da shi ɗakin shan magani. To akwai zubar jinin da ta fi wannan haɗari: mutum bai faɗi ba, ba a buge shi ba, sai wata jijiya ko wani sashe na kayan ciki ya fashe, jini ya riƙa taruwa a ciki. Babban mutum yana da jini kusan lita 5, ciki kuwa yana iya ɓoye fiye da lita 1 ba a lura ba.

A wajen mata, babban sanadi shi ne juna biyun da ya zauna a bututun ƙwai maimakon mahaifa. Bututun siriri ne, yakan fashe tun a watannin farko, wani lokaci matar ba ta ma san tana da ciki ba. Saifar da zazzaɓin cizon sauro ya kumbura ita ma tana iya fashewa, haka ƙari a hanta.

Yaya za mu gane? Ciwon ciki mai tsanani ya taso farat ɗaya. Mutum ya miƙe jiri ya kwashe shi, ko ya suma. Gumi mai sanyi, ƙishirwa, zuciya na bugawa da sauri, tafin hannu da cikin fatar ido sun yi fari fat. Abin mamaki, wasu kafaɗa ce ke yi musu ciwo, domin jinin yana taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki.

Nan ne muke yawan kuskure a gidajenmu: a jiƙa kanwa, a murza cikin, a aika yaro kemis. Duk ɓata lokaci ne, aspirin kuma ƙara zubar jinin yake yi. Mu kwantar da shi, mu ɗan ɗaga ƙafafunsa, kada a ba shi ko ruwa saboda wataƙila a yi masa tiyata. A nufi babban asibiti mai ɗakin tiyata, a gaya wa likita ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe idan mace ce, kuma a tafi da 'yan uwa manya masu iya ba da jini.