Sa'anda 'Yarmu Ta Kawo Kuka Daga Kwaleji

Abin karantawa: Littafin Sama'ila na Biyu, sura 13.

Kowace shekara, sa'anda aka buɗe makarantu, mukan tsai da samarinmu da 'yan matanmu a gaban ekklesiya, mu yi musu addu'a, mu sallame su zuwa kwaleji da jami'a. Uwa takan ɗaura musu garin kunu da yaji da ƙuliƙuli, uba kuwa yakan sayar da buhun masara ko akuya domin kuɗin makaranta. Mukan gargaɗe su a kan mugayen abokai da shaye-shaye. Amma akwai hatsari ɗaya wanda bakinmu yakan yi nauyi a kansa, watau malamin da zai riƙe makin yarinya a hannunsa, ya ce ba za ta ci jarrabawa ba sai ta ba shi kanta, da kuma ɗalibi ko wani dabam wanda zai yi mata fyaɗe. Darasin wannan wata a kan wannan ne. Muna roƙon masu karatu kada su rufe takardar saboda kunya.

Abin da ya riga ya fito fili

A cikin shekara ta 2018, a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife, wata ɗaliba ta naɗi muryar malaminta a wayar hannu. Sunan malamin Farfesa Richard Akindele. An ji shi yana cewa sai ta kwana da shi sau biyar kafin ya ɗaga mata maki. Muryar ta bazu ko'ina cikin ƙasa, jami'ar ta kore shi, hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci ta kai shi gaban babbar kotun tarayya a Osogbo. Ya amsa laifinsa, aka yanke masa ɗaurin shekara 2 a watan Disamba na shekarar nan.

Mu dakata kaɗan a nan, gama in ba mu gane yadda tarkon yake ba, ba za mu iya taimakon wadda ta faɗa ciki ba. Malami shi ne mai rubuta jarrabawa, shi ne mai duba ta, shi ne kuma mai aika maki zuwa ofis. A shekarar ƙarshe akan ba kowane ɗalibi malami guda wanda zai lura da aikin bincikensa, in kuwa bai sa hannu ba, ba a gama makaranta. Takardar jarrabawa tana iya ɓacewa ba wanda ya san yadda aka yi. Yarinyar da ta faɗi a kwas ɗaya tana iya ƙara shekara guda cur, ta kuwa san akuyar da aka sayar, ta san ƙannenta suna jiran ta gama domin a juya kansu. In ta kai ƙara, a gaban abokan aikin malamin za ta kai. Mugun malami ya san dukan waɗannan. Ƙarfinsa kuwa yana kan abu ɗaya: ya tabbata ba ta da wanda za ta gaya wa.

A watan Oktoba na 2019 gidan rediyon BBC ya fitar da wani fim na binciken asiri a kan Jami'ar Legas da Jami'ar Gana. 'Yar jaridar da ta ja gaban aikin, Kiki Mordi, ta faɗa da bakinta cewa ita ma irin wannan fitina ce ta raba ta da karatun jami'a. Wata abokiyar aikinta ta yi shigar yarinya 'yar shekara 17 mai neman a ɗauke ta makaranta, ta je ofishin Dokta Boniface Igbeneghu a Jami'ar Legas. Duniya ta ga yadda ya kulle ƙofa, ya kashe fitila, ya matsa mata. 'Yan'uwa, mutumin nan pasto ne na ekklesiyar Foursquare. Ekklesiyarsa ta sa ya sauka daga aikin nan da nan, jami'ar ta dakatar da shi, ta kuma kore shi a 2021. Mun faɗi wannan ba da murna ba. Mun faɗa domin kada wani uba ya ce, "Malamin 'yata mai bi ne, hankalina ya kwanta."

Har wa yau, a watan Mayu na 2020, sa'anda aka rufe makarantu saboda annobar korona, wata ɗalibar Jami'ar Benin mai shekara 22 ta shiga ɗakin sujada domin ta yi karatu inda ba hayaniya. A can aka yi mata fyaɗe, aka ji mata rauni a kai, ta rasu bayan 'yan kwanaki. Littattafanta ta ɗauka, ɗakin sujada ta nufa. Wanda ya saba tambayar abin da ya kai yarinya wurin, sai ya gaya mana amsar da zai bayar a nan.

Gidan Dawuda

Wanda ya karanta surar da muka ambata a sama zai ga ba sabon abu ba ne. Tamar 'yar sarki ce, tana cikin gidan ubanta, ubanta ne kuma ya aike ta ta yi wa ɗan'uwanta Amnon abinci domin an ce ba shi da lafiya. Amnon ya fitar da kowa daga ɗakin. Ta ƙi, ta roƙe shi, ta nuna masa abin da zai biyo baya, amma ya fi ta ƙarfi. Littafin bai ɗora mata laifi ko kaɗan ba.

Abin da muke so ajin nazari ya duba da kyau shi ne mutane uku da suke kewaye da abin. Na fari Yonadab, abokin Amnon, wanda ya tsara masa dabarar. Irinsa suna da yawa a ɗakunan kwanan samari: wanda zai ba da aron ɗakinsa, wanda zai kira yarinya da sunan karatu, wanda zai ga an zuba wani abu cikin abin shanta ya yi dariya. Na biyu Absalom, wanda ya karɓe ta a gidansa amma ya sa ta yi shiru domin abin na cikin gida ne. Na uku Dawuda, wanda ya ji labari ya husata ƙwarai, bai kuwa hukunta kowa ba. Tamar ta zauna a kaɗaice, bayan shekara 2 kuma Absalom ya sa aka kashe Amnon. Shirun nan bai rufa asirin gidan ba.

Laifinmu

Wajibi ne mu faɗi abin da ya same mu, ko da yake ba daɗin faɗa. Shekarun baya wata yarinya daga cikin ekklesiyar da muke kiwo ta komo daga wata kwalejin horon malamai tun ba a yi hutu ba. Ta zo da maraice tare da uwarta, ta durƙusa, ta ce, "Baba Pasto, ba zan koma makarantar nan ba." Da ƙyar ta faɗi dalili. Wani malami ya kāshe ta sau biyu a kwas ɗinsa, ya kuma gaya mata a fili abin da zai sa ta haye.

Muka ce, "'Yata, me ya kai ki ofishinsa ke kaɗai?"

Wannan ce tambayarmu ta fari, har yau kuwa tana damunmu. Ba ta amsa ba, ta sunkuyar da kai. Da muka kai maganar gaban dattawa, ɗaya ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wani ya ce in maganar ta fita, wa zai aure ta? Muka shirya a aika mutum biyu su ga malamin a ɓoye. Ya karɓe su da fara'a, ya ce ƙarya ce irin ta yaran da ba su karatu, ya ba su ruwan sanyi, suka komo. Yarinyar ba ta koma kwaleji ba. Daga baya muka ji ba ita ce ta fari ba a hannunsa, ba kuwa ita ce ta ƙarshe ba. Mun yi aikin Absalom da na Dawuda a zama ɗaya, muna tsammani hikima muka yi.

Karin maganar nan ta ɓera da daddawa ta yi ɓarna da yawa a cikinmu. Ba mu ƙi a koya wa 'ya'ya mata kamun kai da suturar kirki ba, muna kuwa koyarwa. Amma ɗaliba tana shiga ofishin malami domin makaranta ce ta sa ta shiga, kamar yadda Dawuda ya aiki Tamar. Wanda ya kulle ƙofa shi ne mai laifi.

Kafin su tashi

Rigakafin yana farawa daga tsakar gida, da magana ɗaya wadda ya kamata uba ya faɗa da bakinsa, uwa tana zaune: "In wani ya matsa miki, ko malami ne ko pasto, ki gaya mana. Za mu gaskata ki. Ko shekara kika rasa saboda kin ƙi, ba za mu yi fushi da ke ba." Yarinyar da ta ji wannan ta riga ta karɓe makamin da mugu yake dogara a kai.

Sa'an nan a koya mata abubuwa na hankali. In malami ya kira ta ofis, ta tafi da abokiya, cikin lokacin aiki. In ya ce a haɗu a gida ko a otal, ta ƙi. Kada ta share saƙon da ya aiko mata, ko da ganinsa yana ƙona mata rai, ta tura shi ga wani amintacce ya ajiye. Ta rubuta rana da wuri da abin da aka faɗa. Ɗalibar Ile-Ife ta yi nasara ne domin tana da shaida a hannu. A wurin biki kuma kada ta sha abin da aka buɗe ba a gabanta ba. Tun makon fari ta nemi sanin ofishin da yake lura da al'amuran ɗalibai, ta tambaya ko makarantar tana da rubutacciyar doka a kan wannan laifi, gama makarantu da yawa sun rubuta tasu bayan 2019.

'Ya'yanmu maza fa? Mun cika sallamarsu da gargaɗin kada su ɗauko mana ciki, shi ke nan. A gaya musu sarai: in mace ta ce a'a, ko budurwarka ce, ko ka kashe mata kuɗi, ko ta shigo ɗakinka da ƙafarta, abin da ka yi bayan wannan fyaɗe ne. Wadda ta bugu ko take barci ba ta yarda da kome ba. Su sani kuma ana yi wa maza ma, wanda abin ya same shi kuwa kada ya ɓoye.

Kwana uku na fari

In mugun abin ya riga ya faru, kwana uku na fari suna da muhimmanci ƙwarai, a nan ne kuwa muka fi yin kuskure, gama mukan ɓata su wajen taron dangi. Akwai maganin da yake hana ƙwayar cutar ƙanjamau kama jiki, amma sai an fara shansa cikin awa 72, a ci gaba har kwana 28. Ko'ina aka fara da wuri ya fi. Likita zai ba da maganin waɗansu cututtuka, ya duba raunuka, ya rubuta abin da ya gani domin kotu, ya kuma yi mata bayani a kan batun ciki, wanda shi ma yana da iyakar kwana 5. In da hali, kada ta yi wanka ko ta wanke tufafinta kafin a je asibiti, a naɗe tufafin cikin takarda, kada a sa su cikin leda. In ta riga ta yi wanka, duk da haka a tafi.

An buɗe wurare musamman domin wannan aiki. Akwai cibiyoyin Salama a Jihar Kaduna, har da Zariya da Kafanchan, da cibiyar Waraka a Asibitin Murtala na Kano, da Mirabel wadda aka buɗe a Legas a 2013. Inda babu irinsu, babban asibitin gwamnati ya isa. Mace mai hankali daga zumuntar mata ta raka ta. Wanda ya fara jin labarin ya saurara, kada ya yi ta tambaya kamar alƙali, kada kuma ya kai maganar taron addu'a da sunanta. Asirin nata ne, ita ce kuma za ta faɗi wanda za a gaya wa.

Game da shari'a, a 2015 an kafa dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane, wadda ake kira VAPP, jihohi da yawa kuma sun kafa irinta. Bisa ga dokar nan, babban mutum da ya yi fyaɗe hukuncinsa ba ya kasa ɗaurin shekara 12, yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai, yardar da aka samu ta wurin tsoratarwa kuwa ba yarda ba ce. A watan Yuli na 2020 Majalisar Dattawa ta amince da wani ƙuduri musamman a kan malaman manyan makarantu, amma ba a sa masa hannu ba har gwamnatin ta sauka a 2023. Wannan bai hana a hukunta malami ba, gama tun kafin ƙudurin aka ɗaure Farfesa Akindele bisa laifin yin amfani da muƙaminsa ta mugun hanya. In yarinya ta yarda a kai ƙara, a rubuta ta a takarda zuwa ga shugaban makaranta, a karɓi shaidar cewa ta shiga, a riƙe kofe. Fyaɗe kuwa maganar 'yan sanda ce, dattijo guda ya raka iyalin, gama talaka shi kaɗai akan yi masa jeka-ka-dawo har ya gaji.

Za a zo mana da maganar sulhu, lalle za a zo. Dangin mai laifi za su kawo goro da kuɗi, waɗansu ma har su ce a ɗaura musu aure a rufe magana. Za a kuma ce masu bi su gafarta. Gafara tana tsakanin yarinyar da Ubangijinta, a lokacinta, ba dattawa ne za su tilasta mata ba, ba ta kuwa hana hukuma yin aikinta. Malamin da muka yi wa sulhu ya koma aji ran Litinin, waɗansu 'ya'yan mutane suna zaune a gabansa.

Yarinyar nan tamu tana ɗinki yanzu, tana da 'ya'ya biyu. Bara muka je gidanta tare da uwargida, muka roƙe ta gafara saboda tambayar da muka yi mata. Ta yi shiru da daɗewa, sa'an nan ta ce, "Baba, ƙanwata za ta shiga kwaleji bana. Ku kira ta ku yi mata magana kafin ta tafi." Mun kira ta, ita da sauran su goma sha ɗaya, tare da iyayensu, ran Asabar kafin a yi musu addu'ar sallama.