Dawa a Ƙasar Sin: Yadda A Ke Yin Giyar Baijiu

Dawa asalinta daga Afirka ta ke, wajen ƙasar Sudan, amma ta daɗe da kai wa Ƙasar Sin. Can su kan yi wata giya da ita wadda su ke kira baijiu, watau farar giya, don garau ta ke kamar ruwa. Giya haramun ce ga Musulmi, kowa ya san wannan. Amma yadda Sinawa su ke sarrafa hatsin akwai ilmi a ciki ga duk mai rumbu.

Sana'ar tsohuwa ce. A birnin Luzhou, cikin lardin Sichuan, akwai ramummukan tsima hatsi waɗanda aka haƙa tun 1573. Wadda ta fi suna kuwa ita ce Moutai, ta lardin Guizhou, a bakin kogin Chishui. Ita ce Firayim Minista Zhou Enlai ya ba Shugaba Nixon na Amurka sa'ad da ya ziyarci Bejin cikin 1972.

Masu burkutu su kan jiƙa dawa ta tsira kafin su dafa. Sinawa ba su tsirar da ita, funfuna su ke sa wa ta yi musu aikin. A kan ɓarza alkama, a kwaɓa da ruwa, a tattake da ƙafa cikin katako har ta zama kamar bulo. Wannan shi su ke kira qu. A Moutai da bazara a ke yinsa, a jera cikin ɗaki, a lulluɓe da karan shinkafa kamar kwana 40. Zafin cikinsa ya kan kai digiri 60, funfuna da yisti su kama shi. Sa'an nan a ajiye shi watanni ya bushe, a niƙa.

Dawar kuwa ba kowace iri su ke karɓa ba. Ta ƙasarsu su ke so, ja, mai ƙananan ƙwayoyi da kaurin fata da danƙo, don ita ce ba ta dagargajewa ko an yi ta dafawa. Wajen ran 9 ga watan 9 na lissafinsu a ke fara aikin. A zuba wa dawa ruwan zafi, a turara ta cikin wani babban madambaci, a shanya ta huce, a barbaɗa garin qu, a tsiba ta a ƙasa 'yan kwanaki har tsibin ya yi ɗumi. Daga nan sai rami, a rufe da laka kamar wata guda. Ba a tsunduma ta cikin ruwa ba, danshi kawai gare ta kamar dambu. Funfuna ta kan juya garin ƙwayar ya zama sukari, yisti kuma ya mai da sukarin giya. In an tono a sake turarawa, tururin ya bi ta wurin sanyi ya koma ruwa ya ɗiga. Wannan ruwan shi ne baijiu.

Cikin shekara guda sau 2 a ke zuba sabuwar dawa, sau 9 a ke turarawa, sau 8 a ke tsimawa, sau 7 a ke ɗibar giya. Kana a zuba cikin randuna shekara 3 ko fi, a gauraya tsohuwa da sabuwa. Ƙarfinta kashi 53 ne cikin 100. Dusar da ta rage a masana'antun baijiu kuwa a kan ba dabbobi, ko a mai da ita taki.

To, abin lura shi ne, abubuwa uku su ke cinye ƙwayar dawa a wannan aiki: danshi, ɗumi da daɗewa. Sinawa da gangan su ke haɗa su. Manomin da ya zuba dawa a rumbu ba ta gama bushewa ba, shi ma ya haɗa su, bai sani ba. Hatsin ya ɗauki zafi, ya dunƙule, ya yi tsami, nauyinsa ya ragu, ɗan kasuwa ya karya masa kuɗi. Mafi muni, wata irin funfunar rumbu tana da dafi mai lalata hantar mutum da ta dabba, dafuwa kuma ba ta kashe shi.

Saboda haka a shanya dawa sosai, har in an ciji ƙwaya ta fashe ƙas. Masu awo sun ce kada ruwan jikinta ya wuce kashi 13 cikin 100. A ɗaga rumbu bisa duwatsu, a gyara jinka tun kafin ruwan fari. Lokaci lokaci a riƙa cusa hannu cikin hatsi. In an ji ɗumi, a fitar a baza a rana ran nan, kada a bari sai gobe.