Lissafin Ruwan Sama: Na Kwana, Na Wata, Ko Na Shekara?

Ruwan sama ba ya zuwa da ƙa'ida. Yau a yi shi kamar da bakin ƙwarya, sa'an nan a yi mako biyu ko ɗigo babu. Littattafan tashoshin awon ruwa su ma ba ɗaya suke ba. A wata tashar na'ura ce ke rubutawa kowace sa'a, a wata sau ɗaya a rana, a wata kuwa sai ran da mai awo ya sami zuwa. Kafin kwamfuta ta zana taswirar ruwa ta ƙasa baki ɗaya, tilas a auna alƙaluman nan da mudu ɗaya. Mudun nan shi ne tsawon lokacin da aka zaɓa.

Ga misali. A ce garuruwa biyu kowanne ya sami milimita 150 a watan Yuni. Ɗaya ya samu a zubi goma, ɗayan kuwa a kwana biyu kawai. Taswirar wata za ta ba su launi ɗaya, alhali a gari na biyu shuka ta ƙone, iri ya salwanta. Taswirar kwana ɗaya kuwa rabinta fanko ne.

Saboda haka aikin noma ya fi dacewa da lissafin kwana goma-goma: 1 zuwa 10, 11 zuwa 20, da 21 zuwa ƙarshen wata. Da shi cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka kafa a 1974 saboda farin Sahel, take bibiyar damina. Ambaliya irin ta 2012 da 2022 tana bukatar awon kullum. Sanin yanayin ƙasa kuwa sai an haɗa shekara 30.

Ma'aikata su kiyaye abu uku:

1. Ruwan sama tara shi ake yi. Tsayin kogi, kamar na Kwara a Lakwaja, ba a tarawa, sai a ɗauki matsakaici ko mafi tsawo.

2. Ranar da ba a yi awo ba, kada a rubuta sifiri. Sifiri ma'anarsa ba a yi ruwa ba.

3. Ana fitar da lissafin wata daga na kullum, amma na wata ba ya komawa na kullum. Don haka a adana littafin asali.

Duk mai duba taswirar ruwa ya fara tambaya: ta kwana nawa ce?