Ɗa'ar aikin jinya: a bakin gado ake koyar da ita

Ɗalibar jinya tana iya haddace ƙa'idojin ɗa'ar aiki tsaf, ta ci jarrabawar Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya. Amma ranar da ta shiga ɗakin haihuwa ta ji babbar nas tana daka wa mai naƙuda tsawa, babu wanda ya ce uffan, wannan darasin ne zai zauna mata. Don haka, malaman makarantun jinya da na kiwon lafiya, kada ku miƙa ɗalibai ga asibiti ku koma ofis. Ku bi su. Malamin da ya koyar da mutunta majinyaci a aji, a gan shi a bakin gado yana sallama, yana cewa "Baba, ya jiki?", yana jan labule kafin a yaye zane, yana faɗa wa mutum abin da za a yi masa tun allura ba ta taɓa shi ba. Gani ya kori ji.

A aji kuwa a rage hadda. Kundin ɗa'a na Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya, wanda ya fara fitowa a 1953 aka sabunta shi a 2021, ya cancanci karatu. Haka ma ginshiƙai huɗun nan da littattafai ke kawowa: barin majinyaci ya yanke wa kansa shawara, yi masa abin da zai amfane shi, guje wa cutar da shi, da adalci. Sai dai 'yan darussa kaɗan sun ishe su. Sauran lokacin a kawo irin matsalar da ɗalibai za su tarar gobe.

Ga misali. Mace ta zo awo, gwaji ya nuna tana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, uwar mijinta ta tare nas a baranda: "'Yata, ni na kawo ta, ni nake biyan kuɗin. Me aka gani?" Kada ku tambayi aji wace ƙa'ida ce ta shafi wannan. Ku tayar da ɗalibai biyu, ɗaya ta zama uwar miji, ɗaya nas, su yi maganar da Hausa, harshen da za a yi ta da shi a asibiti. Nan za ku ga cewa sanin amsa daban, iya faɗar ta ga dattijuwa ba tare da cin fuska ba daban. A yi ta maimaitawa har bakin ɗaliba ya saba da cewa, "Hajiya, ki yi haƙuri, sakamakon nata ne, ita ke da ikon faɗa." Sai a kawo musu Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta hana bayyana sirrin majinyaci sai bisa sharuɗɗa, kamar amincewarsa a rubuce ko umarnin kotu. Dokar da ta zo bayan gumi ta fi kama zuciya.

Haka za a yi da matar da jini ya ɓalle mata, ana neman yi mata tiyata, mijinta yana kasuwar ƙauye wayarsa ba ta shiga. Matar babba ce, tana cikin hayyacinta, amincewarta ta wadatar. A ci gaba da neman mijin don girmamawa, amma ba a jiransa jini yana zuba. Dokar nan ta 2014 ta haramta hana mutum kulawar gaggawa kan kowane dalili, wata dokar ta 2017 kuma ta wajabta duba wanda aka harba ko babu takardar 'yan sanda.

Wajen koyar da neman amincewa, ba sai an je Amurka neman tarihi ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, a binciken da ya shafi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, daga baya aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, wannan labari yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Ɗalibin da ya san haka ba zai ɗauki dangwala yatsa a takardar Turanci a matsayin amincewa ba. Ku koya masa ya yi bayani, sannan ya ce, "Inna, faɗa mini da bakinki abin da kika fahimta."

Akwai ƙananan abubuwa da nake ganin sun fi manya haɗari, domin kullum ake yin su: rubuta awon hawan jinin da ba a auna ba don a cike fayil, ɗaukar hoton rauni a tura wa abokai ta WhatsApp, kiran mutum da lambar gadonsa. Gaskiya ne ma'aikata sun yi kaɗan, gajiya kuma tana sa mai haƙuri faɗa. Ku faɗa wa ɗalibai haka ƙarara, amma ku nuna musu cewa ƙaryar da aka rubuta a fayil, likita zai gina magani a kanta.

Ku ware zama a kowane mako, ɗalibai su faɗi abin da suka gani a asibiti ya dame su, ba tare da kama suna ba, kuma abin da aka faɗa ya tsaya a ɗakin. Ɗalibi ba shi da ƙarfin ja da wanda zai sa masa hannu a littafin aiki, don haka malami ne zai kai ƙorafin ga shugabar ma'aikatan jinya. Wanda kuma ya zo da kansa ya ce ya ba da magani ba daidai ba, a fara garzayawa wajen majinyacin, a sanar da likita, a rubuta abin da ya faru, sannan a zauna da ɗalibin a gano inda aka yi kuskure. A takardar makinsa a rubuta cewa shi ya kawo rahoton da kansa.